Kanarin Gyadi-Gyadi

Duk wanda ya zauna a Gyadi-Gyadi ya san gyaran muryar Yaya Sabi'u. Ba irin ta mutane ba ce da za a yi "ehem" a wuce. Tasa hawa-hawa ce. Sai ya faro ta daga ƙirji, ya hau maƙogwaro, ya ɗan leƙa hanci, sannan ya sauko yana shafa wuya kamar mai lallashin jariri. Ko "sannu" zai ce maka sai ya gama wannan hidimar tukuna, kai kuwa kana tsaye da hannu a miƙe kana jira.

Kun tuna ɗaurin auren 'yar maƙwabcinmu mai sayar da taya? Daidai lokacin da waliyyi zai ce ya bayar, sai Yaya ya sako tasa daga can baya. Wuri ya yi tsit. Dangin ango suka fara kallon juna, an zaci akwai wata magana a ƙasa. Liman ya ɗaga kai ya ce, "Malam Sabi'u, da magana ne?"

"Babu, Allah gafarta Malam. Ku ci gaba. Kayan aikina nake dubawa."

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Nasiru mai adaidaita sahu, ƙanin matarsa Yaya Binta. Tsakanina da shi akwai wasa irin na ƙanin mata da mijin ya, don haka yawancin abin da zan faɗa a nan na sha faɗa masa ido da ido. Sana'arsa aski, shagonsa na kan hanyar da ke shiga Tarauni. Amma in ka tambaye shi aikinsa, cewa zai yi shi mawaƙi ne, aski kuwa don kada hannu ya zauna haka nan. Ko a tsakiyar bazara za ka gan shi da ƙyallen ulu naɗe a wuya, gumi na zuba, ga fulas ɗin ruwan citta da kanumfari a hammata. Azumin da ya faɗo a zafi, ana kokawar ƙanƙara a bakin masallaci, shi da ruwan ɗumi yake buɗe baki. Na taɓa miƙa masa zoɓo mai sanyi, ya kalle ni kamar na miƙo masa guba.

"Sha abinka, Direba. Kai ba ka da abin asara."

Duk wannan wahala saboda abu ɗaya ce: gasar waƙar nan ta talabijin, Wa Ya Fi Murya.

Yaran yanzu sun buɗi ido sun gan ta da fitilu kala-kala da hayaƙi na tashi daga ƙasa, sun ɗauka haka aka haife ta. Ina! Mu mun san ta tun tana rarrafe. Shekarar da aka fara, a wani ɗan ɗakin taro aka yi ta, kujerun roba, fanka na kuka a sama, alƙalai tsofaffin makaɗa ne, ɗayansu ma gyangyaɗi yake yi tsakanin waƙa da waƙa. Babu fiyano, babu na'urar miƙe murya. Kalangu ne, sai kai da halinka. Mutane kuma kunyar zuwa suke yi, kada a ce ɗan gidan wane ya zama maroƙi. Waɗanda suka je ba su cika layi biyu ba. Yaya na cikinsu, ni na kai shi a bayan babur, lokacin ina acaɓa.

Waƙarsa ya rera, wadda ya ƙirƙira da kansa ta yabon unguwa, mai amshin da ake jan sunan Gyadi-Gyadi sama-sama har sai numfashi ya ƙare. Tsakani da Allah, muryar ba wani daɗi ne da ita can ba, amma ba ta kai a gudu ba. Bai ci ba. Sai dai duk wanda ya je ranar an ba shi shuɗin bokitin roba da sabulu a ciki, kyautar kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin.

Wayyo bokitin nan! A kan sif ya ɗora shi. Sabulun ma ba a taɓa ba har ya bushe ya tsage. Wata rana ruwan famfo ya zo bayan an daɗe ana sayen na 'yan garuwa. Yaya Binta ta cika tukwane, ta cika baho, ta cika jarkoki, ruwa bai ɗauke ba, sai ta taka kujera ta sauko da bokitin. Ya shigo ya tarar da shi a bakin famfo.

"Binta! Me nake gani haka?"

"Ruwa ne ya zo, Malam, kafin ya ɗauke."

"A kofin nawa?"

"Wane irin kofi? Bokiti ne fa! Har wanda ya kasa buɗe baki ranar an ba shi irinsa."

"Shi ya san abin da ya yi da nasa. Kin taɓa ganin 'yan ƙwallo sun ci kofi sun kai gida an jiƙa wanki a ciki?"

Ya juye ruwan a randa, ya goge bokitin da hannun rigarsa, ya mayar kan sif. Yaya Binta ta ce da ni, tun da take ba ta taɓa jin haushin roba ba sai ranar.

Kafin a ankara, gasa ta yi ƙarfi. Kamfanin waya ya shigo, aka ce yanzu masu kallo ne za su zaɓi gwani ta saƙon tes. Shi ke nan gari ya rikice. Ranar Asabar bayan la'asar, daga Unguwa Uku har Daurawa in ka sami fasinja ka yi sa'a. Mu ma sai mu faka a gaban mai shayi mu nemi benci. Gidajen kallon ƙwallo suna sauya tasha, ba mai cewa uffan. Akwai malamin da ya yi wa gasar kaca-kaca a wa'azin Juma'a, washegari iyalinsa suka ƙarar masa da katin waya wajen zaɓen wani yaro ɗan Babban Giji. Waɗanda da suke hana 'ya'yansu zuwa, yanzu su ke bin gida-gida suna roƙon ƙuri'a.

Shagon Yaya ya zama majalisa, shi kuma ya naɗa kansa alƙali. Mawaƙi zai buɗe baki ke nan, sai ka ji ya ja tsaki ya ce, "Wannan muryar ba ta ci tuwo ba." Wani kuma ya ce da hanci yake waƙa, a ba shi maganin mura. Shi kansa kowace shekara sai ya je tantancewa, kowace shekara kuma a nan ake sallamo shi. In na ɗauko shi, tun kafin in tambaya zai ce, "Siyasa ce, Direba. Ja mu je."

Abin da ya hana shi arziki a aski shi ne, kilifa tana ƙara, shi kuwa ba ya haɗa waƙa da ƙara. Da an fara rerawa sai ya kashe ta, ko a ina ta tsaya. Wani ango ɗan Tarauni ya zo aski ranar zagayen ƙarshe, ɗaurin aurensa washegari. An kwashe masa ɓangaren dama tas, sai aka kira wata yarinya da Yaya ke goyon baya tun farkon shekara. Ƙit, ya kashe kilifa.

"Malam Sabi'u, kaina fa."

"Yana nan, ba inda za shi."

"Abokaina na jira a waje!"

"Ango, aure kullum ana ɗaurawa. Wannan sau ɗaya ne a shekara. Yi shiru."

Haka bawan Allah ya zauna da rabin kai har aka faɗi sakamako. Yarinyar ta faɗi. Wani saurayi mai rawa ne ya ci. Yaya ya ajiye kilifa, ya zauna a kan benci, ya rafka tagumi. Ango ya ce to ai sai a ƙarasa.

"Ɗana, dubi hannuna yadda yake rawa. In na taɓa kanka yanzu, da kunne ɗaya za a ɗaura maka aure. Kana da hula?"

Da hula ya fita. Har yau in muka haɗu da mutumin nan, ya tara 'ya'ya, sai ya shafa ɓangaren hagu ya girgiza kai.

Zuwa nan duk abin dariya ne, kuma shi ma da shi ake yi. Daga nan ne labarin ya daina min daɗi.

Gasar ta koma hannun wasu sababbin masu shiri, samari masu ido a buɗe. Aka sallami tsofaffin makaɗan, aka kawo alƙalai masu tabarau a ka da sarƙa a wuya. Su ne suka gano cewa mutane sun fi son kallon wanda ya faɗi a kan wanda ya ci. Sai suka fara ɗaukar tantancewa ana nunawa. Shekarar Yaya na fama da mura. Yaya Binta ta roƙe shi ya haƙura, ni ma na ce adaidaitata ta lalace. Ya ce in ban kai shi ba zai taka da ƙafa, kuma na san zai aikata. Na kai shi.

Ya fara lafiya. Da ya zo wurin jan nan na amshi, ya ɗaga kai ya ce "Gyaaa…", sai murya ta tsage gida biyu, rabi ta yi sama, rabi ta maƙale. Ɗaya daga cikin alƙalan, yaron da a haife Yaya ya haife shi, ya kwanta a kan tebur yana dukan katako. Yaya ya tsaya ya ce, "A gafarce ni, mura ce. In sake?" Suka ce a'a Baba, ya isa, ya isa haka.

Ranar Asabar aka nuna. Ba su bar shi yadda ya faru ba. Sun maimaita wurin, sun ja shi a hankali, sannan suka ɗora kukan akuya a kai, daidai inda muryar ta tsage. Neman gafarar da ya yi kuwa sun yanke.

Ai kun san sauran. Ya zama tallan gasar. Kowace shekara in za a buɗe sabon zagaye, da fuskar Yaya ake buɗewa. Ya shiga wayoyi. Ina cikin tuƙi wayar fasinja za ta yi ƙara, sai in ji mijin yayata da akuya suna kiran sunan unguwarmu. Yara in sun taso daga islamiyya sai sun bi ta ƙofar shagonsa sun ce "Gyaaa" sun ruga. Matasan layi suka sa masa Kanari don iya shege. Da yawanku da kuke karanta wannan kun tura wa wani, kada ku ce min a'a. Gidan talabijin kuwa ko bokiti na biyu ba su aiko masa ba.

Shi fa? Sai ya kira mai fenti ya rubuta masa a goshin shago: Kanari Aski na Zamani.

Na same shi na ce, "Yaya, dariya fa suke maka."

"Kai me ka sani? Jiya wani direban tirela ya ce min har Maraɗi an san ni. Kai wa ya san ka ko a Naibawa?"

"Da akuya aka san ka!"

"Hassada ce ke damunka, Direba. Zauna in rage maka gashin nan, shi ke toshe maka tunani."

Haka ya ci gaba da zuwa tantancewa. Yanzu ba sa ma barinsa ya shiga. Masu gadi su ɗauki hoto da shi, su ce ya yi musu "Gyaaa", ya ƙi, a ce masa an rufe sai baɗi.

Sai ga shekarar da gasar ta shirya babban biki na tuna tarihinta. Aka bugo masa waya, wai ana gayyatarsa a matsayin baƙo na musamman, tun da yana cikin 'yan farko. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya yi murna irin ta ranar ba. Ya kai ɗinkin babbar riga ta shadda ruwan toka. Ya daina cin yaji, ya daina cin mai, ya rage magana da kwastomomi, da hannu yake tambayarsu irin askin da suke so. Da asuba in an fito masallaci yana bayan shago yana ta jan wurin nan a hankali. Ranar tafiya ya sa na sauke labulen adaidaita duka biyu kada iska ta shige shi, ya kuma hana ni gudu. Masu kekuna suna wuce mu.

Tun hantsi aka ajiye mu a wani lungu a kan benci, sai bayan la'asar aka kira shi. Ɗakin cike, fitilu kamar rana. Yana fitowa aka ɗau ihu da tafi, wasu tun bai buɗe baki ba sun fara dariya, an ɗaga wayoyi sama. Ya yi sallama, ya gaida alƙalai, ya fara.

Ina tsaye a baya. Ya zo wurin. Ya ɗaga kai. Ya ja, ya ja, ya hau can sama, ya sauko lafiya lau, ko gargada babu. Wallahi tun da nake jin waƙar nan ban taɓa jin ta fita haka ba. Na daka tsalle ina tafi. Sai na lura ni kaɗai nake yi. Mutane sun sauke wayoyinsu suna kallon juna, kamar waɗanda aka yi wa alƙawarin nama aka kawo musu ruwa.

Wani saurayi mai abin ji a kunne, shi ne mai shirin, ya hau da sauri.

"Baba, ya yi kyau sosai. Amma ba shi muke nema ba. Orijinal ɗin muke so."

"Wanne ne orijinal?"

"Irin na da ɗin nan. Inda take ɗan… ka gane ai."

Yaya ya dube shi tun daga takalmi har gashi.

"Ɗana, shekara da shekaru ban sha ruwan sanyi ba don in gyara wurin nan. Yau na gyara, ka ce in ɓata maka?"

"Don Allah Baba, sau ɗaya kawai. Mutane shi suka zo ji."

"To ku aika a ɗauko akuyar taku, ai ita ma ta yi suna. Ni na gama."

Ya tattare rigarsa ya sauko. A hanya ko labulen bai ce in sauke ba. Da muka isa gida Yaya Binta ta tare shi a zaure, ya ce, "An yi lafiya. Sun yaba."

Asabar ta zo, shago ya cika har waje, kowa ya zo ganin Kanari a biki. Aka nuno shi yana fitowa cikin shadda yana ɗaga hannu. Muka yi shewa. Daga nan sai hoto ya sauya, ga tsohon hoton nan, ga alƙali kwance a kan tebur, ga akuya. Waƙar da ya rera ranar ko ɗigo ba su saka ba. Wasu suka fara dariya, suka ga fuskata, suka haɗiye. Yaya na tsaye da mataji a hannu. Ya daɗe yana kallon akwatin talabijin, sannan ya ce, "Rigar dai ta fito da kyau. Wa ke kan layi?"

Bai sake zuwa tantancewa ba. Bayan nan bai daɗe ba hawan jini ya kayar da shi a cikin shago, aka kwana biyu a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa.

Gidan talabijin sun yi ta'aziyya, kada in ɗauki alhakinsu. Sun sa hotonsa, sun sa sarewa mai ban tausayi, mai gabatarwa ya karya murya ya ce gasa ta yi rashin uba. Sannan suka saka wurin nan don tunawa da shi. Ko akuyar ba su cire ba. Muna zaman makoki, mata cike da ɗaki, Yaya Binta ta tashi da carbinta a hannu ta zare wayar talabijin daga bango. Daga cikinsu ba wanda ya tako Gyadi-Gyadi ya ce mana sannu. An dai gaya min a makon nan tsohon hoton ya sake zagaye wayoyi fiye da da.

A wurin gaisuwa na ji wasu na cewa, Allah sarki, gara shi, har ya mutu bai san dariya ake masa ba. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin akwai abin da ya ce kada in faɗa yana raye.

'Yarsa ta fari, Sadiya, Allah Ya ba ta muryar da bai ba ubanta ba. In tana wanke-wanke tana rera waƙar islamiyya, matan maƙwabta leƙowa suke ta katanga. Shekara guda kafin bikin nan ta so shiga gasar, ƙawayenta na ta zuga ta. Ya ce ba za ta ba. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, ta zo ta same ni ta ce, "Kawu, kai yake ji." Na je na tarar da shi a tsakar gida yana wanke matazai.

"Yaya, wannan wane irin son kai ne? Kai kullum kana hanya, yarinya mai murya ka hana ta?"

Ya aiki Sadiya ta sayo masa reza a bakin titi. Sai da ya ji ta fita sannan ya ce in matso.

"Nasiru, ni a ƙauye na tashi. Awaki na yi kiwo kafin in riƙe almakashi. Ka ɗauka ban san kukan akuya ba? Tun ranar farko na gane."

Ya ajiye mataji ɗaya, ya ɗauki wani, ya ƙara da cewa:

"Yaran nan makaranta suke zuwa. In na yi dariya tare da mutane, za a ce ubansu mai barkwanci ne. In na nuna ya yi min ciwo, za a ce ubansu abin tausayi ne. Wanne ka zaɓa musu? Mutanen can ba murya suke nema ba, wanda za su ci suke nema. Mutum ɗaya ya ishe su a gidan nan."

Na ce, "To kai me kake komawa yi?"

Ya ci gaba da goge matajin, bai kalle ni ba.

"So nake sau ɗaya su ji ta daidai."

Sai ga Sadiya ta shigo da reza, ido a kumbure. Nan take ya miƙe ya ɗaga murya har maƙwabta na ji: "Na faɗa na ƙara, ba za ki ba! Ba na so a ce alƙalai sun yi miki alfarma saboda sunana!"

Yarinyar ta yi wata guda ba ta yi masa dariya ba. Sai ranar sadakar uku na gaya mata abin da ya ce bayan fitarta.

Allah Ya jiƙan Yaya Sabi'u, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Yaya Binta da Sadiya da ƙannenta haƙurin rashinsa. Ya Ubangiji, a nan duniya an yanke inda bawanka ya gyara, an ajiye inda ya ɓata. Kai Mai rahama ne. Ka shafe masa inda ya ɓata, Ka karɓi inda ya gyara. Amin.